Akwatin da Jirgi Ya Ƙi Ɗauka

A layin masu walda babu wanda bai san Ba-gyara ba. Abokan sana'a ne suka laƙaba masa sunan, kuma ba su yi masa ƙazafi ba, domin abin da ya fita daga hannunsa ba ya dawowa gyara. Akwai ƙofar da ya yi wa wani mai shago tun yana saurayi, an rushe shagon an sake gini, an sake rushewa, ƙofar tana nan ko lanƙwasa ba ta yi ba. Gadon da ya ƙera wa yayarsa, 'ya'yanta sun yi tsalle a kansa har sun girma, yanzu jikoki ne suka karɓi aikin. In ya gama abu ba ya miƙa wa mai shi sai ya ɗauko babbar gudumarsa ya maka masa ita da iya ƙarfinsa, a gaban idon mai kayan. In abin ya ko motsa, sai ya girgiza kai ya ce a dawo gobe. Maganin kowace shakka a wurinsa ɗaya ne, a ƙara ƙarfe.

Halin da ya ba shi suna shi ne ya hana shi tara abin duniya. Maƙwabtansa suna harhaɗa taga da ƙarfe mai kaurin takarda, damina ɗaya mai ita ya dawo, su sake cin kuɗinsa suna murmushi. Shi kuwa sau ɗaya yake ganin mutum a shagonsa, daga nan sai dai su haɗu a hanya a yi masa godiya. Matarsa takan ce da ana cefane da godiya, da babu gidan da ya kai nasu ƙiba a unguwar. Shi dai ya yi dariya ya ce ai ba a taɓa kawo ƙararsa ba, ita kuma ta ce ba a taɓa kawo masa ciniki na biyu ba.

Su huɗu ne a ɗakinsu. Yaya Babba ce ta fari, mai shagon kayan sanyi, mace mai faɗa a baki da taushin zuciya. Sai shi Ba-gyara, sai ƙanensu Direba mai motar haya, wanda motarsa ta fi shi yawan jinya. Sai Auta, tela, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya. Duk abin da ya taso a zuri'ar, a falon Yaya Babba ake haɗuwa a yi karo-karo, kowa ya kawo abin da ya samu, ita ta riƙe. Wajen tarawa ba su da na biyu. Wajen riƙewa ne abin yake lalacewa, don Yaya Babba ba ta iya ganin ɗan'uwa ya zauna gabanta ya sunkuyar da kai. Kuɗin rufin ɗaki ya tafi a gyaran mota, kuɗin jarin wani ya tafi a asibiti, duk da sunan aro, kuma kowane aro da dalilinsa na gaskiya. Ba mai cuta a cikinsu, tausayi ne kawai ya yi musu yawa.

Ba-gyara ya san wannan fiye da kowa, don a kansa aka fara. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai wani kamfani ya zo neman masu walda da za a kai ƙasar waje su koyi aikin jiragen ruwa. Ya ci jarrabawar, saura kuɗin tafiya. Dangi suka tara, suka kusa cikawa, sai ciwo ya kwantar da mahaifinsu, kuɗin ya bi magani. Bai riƙe kowa a zuciya ba, in da za a maimaita ma shi zai fara cewa a sayi maganin. Amma tun daga lokacin, duk sa'ad da jirgin sama ya ratsa ta saman layinsu, sai ya ɗaga baƙin gilashin waldarsa ya dube shi, sannan ya mayar ya ci gaba da aiki. Bai taɓa taka ko ƙofar filin jirgi ba.

'Yar Auta kuwa a bakin shagonsa ta girma, don shagon ɗinkin uwarta yana bayan nasa. Yarinya ce mai tambayar tsiya. Me ya sa ƙarfe yake ja in ya ji wuta, me ya sa wannan ya lanƙwashe wancan ya karye, wa ya ce kusurwa uku ta fi huɗu ƙarfi. Ranar da ta kwance masa rediyo tana 'yar firamare, ta mayar da shi yana magana har da ragowar ƙusoshi a hannunta, ranar ya sa mata Injiniya, sunan kuma ya bi ta har jami'a. Shi ya yanka mata ɗan baƙin gilashi daidai fuskarta don ta riƙa kallon tartsatsi ba tare da ta kwana tana hawaye ba.

To ran nan da hantsi yana durƙushe kan wata ƙofa, sai ya ji an dafa kafaɗarsa ana girgiza shi, abin da ba a yi wa mai walda. Ya ɗaga gilashi zai yi faɗa, sai ya ga Injiniya ce, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, tana haki tana tura masa waya a fuska. Bai iya karanta abin da ke ciki ba, ita ma bakinta ya ƙi haɗa magana. Da kyar ya tsinci zancen: wata jami'a a ƙasar waje ta ɗauke ta karatun gina gadoji, kuma an yafe mata kuɗin makaranta gaba ɗaya.

Ba-gyara ya kashe inji. Ya miƙe ya ɗauki guduma ya nufi wani faifan ƙarfe da ke jingine a bango, ya shiga dukansa kamar mai ƙararrawar tashi daga makaranta. Masu walda suka fito da gudu, mai shayi ya bar tukunyarsa, Auta ta ɓullo ta lungu da tef a wuya tana tambayar wa ya mutu. Shi kuwa yana ta duka yana dariya, hawaye na wanke masa baƙin hayaƙin fuska. Ranar duk wanda ya wuce ta layin sai da ya ji cewa 'yar ƙanwarsa za ta hau jirgi, har wani mai tallan guga da bai san kowa ba sai da aka tsayar da shi aka ba shi labari.

Aka haɗu a falon Yaya Babba, falon ya cika har bakin ƙofa da surukai da 'ya'ya. Injiniya ta yi bayani dalla-dalla. Karatun kyauta ne, amma biza da tikitin jirgi da hayar ɗaki da abinci duk a wuyan dangi suke, har shekara biyu. Maimakon jikin mutane ya yi sanyi, sai falon ya ɗauki zafi. Direba ya buga ƙirji ya ce cinikin kowace Asabar nata ne. Wani suruki ya ɗauki kuɗin biza. Matan gidan suka ce za su riƙa ware wani abu daga kuɗin cefane, mazansu suka yi kamar ba su ji ba. Yaya Babba tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kowa ya faɗi nasa a yi masa tafi. Da yatsan ya iso kan Ba-gyara bai tsaya ba, ya ɗan yi sama ya wuce.

"Kai dai ka taya mu da addu'a," in ji ta, da murya mai laushi.

Ba da mugunta ta faɗa ba, sauƙi take nema masa, kuma ba yau ta fara tsallake shi ba. Amma yau abin ya soke shi har ƙashi. Yarinyar da ta koyi riƙe guduma a hannunsa za ta ƙetare duniya, a ce kowa da hannunsa a tafiyar ban da shi. Ya gyara murya ya ce akwatin da za ta tafi da shi a kansa yake, kada wanda ya sayi jaka. Aka yi dariya aka tafa, Direba ya ce to lallai kayan Injiniya sun fi kuɗin banki tsaro. Injiniya ta ce ta gode, Kawu. A ranta ɗan akwatin gwangwani take hangowa, irin na 'yan makarantar kwana.

Washegari ya ture aikin mutane gefe. Ya je wajen dillalin ƙarfe ya zaɓi faifai mai kyau, ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya ajiye ya ɗauki wanda ya fi shi kauri. Ya kewaye kusurwar shagon da tamfol don kada kowa ya gani sai an gama. Injiniya ta tafi babban birni neman biza, saboda haka babu mai leƙa masa aiki balle ya yi masa tambaya.

Da ya bi ta kansa kawai, da watakila abin ya tsaya a hankali. Amma labari ya bazu cewa Ba-gyara na ƙera akwatin ƙasar waje, kuma kowa a layin ya zama masanin filin jirgi, alhali babu wanda ya taɓa zuwa. Mai shayi ya ce ya ji ana jefo kaya daga cikin jirgi kamar buhun siminti. Ba-gyara ya ƙara ƙarfe a kusurwoyi. Wani ya ce ɓarayin can da reza suke farke jaka su zare abin da suke so. Ya ninka murfin. Aka ce ƙasar ruwa da ƙanƙara ne shekara duka, ya bi kowace gaɓa da walda ciki da waje har ya zuba ruwa a ciki ya kwana bai ɗiga ba. Ya sa masa ƙafafu da ya ciro daga wani mataccen janareto, ya yi masa mariƙi da rodin gini, ya yi ɗan ɓoyayyen aljihu a ciki don fasfo da takardu.

Kwaɗon kasuwa kuwa bai yarda da shi ba, ya ce wannan da cokali ma a buɗe shi. Shi ya ƙera makullin da kansa a jikin akwatin, ya zauna da magagari yana goge ɗan makullin haƙori bayan haƙori, yana gwadawa yana hurewa, har ya shiga ya juya ba ƙara. Ɗan makulli ɗaya tak ya yi, don a ganinsa na biyu shi ne ƙofar ɓarawo. Ya shafa wa akwatin shuɗin fenti mai sheƙi. Da ya bushe ya ɗauko guduma ya maka masa, gudumar ta yi tsalle ta dawo, hannunsa ya yi tsami har kafaɗa. Rabon da ya ji daɗi irin na ranar har ya manta.

A can falon Yaya Babba kuwa tarihi yana maimaita kansa. Kuɗin tikiti ya kusa cika sai injin motar Direba ya buga, ya zo ya zauna ya sunkuyar da kai. In babu mota babu cinikin Asabar, wannan gaskiya ce, saboda haka aka ba shi aro. Bayan shi sai ɗan wata 'yar'uwa ya karye a ƙwallo. Da biza ta fito aka zo sayen tikiti, sai aka tarar da rami. Yaya Babba ta sayar da ɗaya daga firjin shagonta, Auta ta sayar da keken ɗinkinta na biyu, wanda mijinta ya saya mata. Aka cike ramin aka sayi tikiti, aka yi ta murna, ba wanda ya so ya tsaya tunanin abin da ya faru.

Saura mako guda tafiya Ba-gyara ya yi wanka ya sa kayansa na fita, ya ɗora akwatin a baro, ya lulluɓe shi da zanen gado, ya tura har gidan Yaya Babba, yaran unguwa na bin sa. Da ya yaye zanen a tsakar gida sai aka kaure da sowa. Akwatin ya yi kyau, wannan ba a musu. Mata suna shafa fentin, surukai suna ƙwanƙwasa murfin suna jinjina kai, Yaya Babba ta ce ashe dai addu'ar tasa da nauyi. Ba-gyara ya tsaya gefe yana nuna aljihun fasfo, bakinsa ya ƙi rufuwa. Injiniya kaɗai ce ta tsaya tana kallon kaurin murfin tana murmushin da bai kai ido ba.

Direba ne ya matso ya kama mariƙin da hannu ɗaya zai ɗaga. Akwatin bai san ana yi ba. Ya sa hannu biyu, jijiyar wuyansa ta fito, ya ɗaga shi kaɗan ya saki. Shi yake kai fasinja filin jirgi, ya sha ganin mutane a durƙushe a bakin ƙofa suna rage kaya suna rabawa.

"Yayana, me ka zuba a ciki?"

"Babu komai, ai ka gani. Fanko ne."

"To ka san jirgi da awo yake ɗaukar kaya? Kilo ashirin da uku ake ba mutum, har da jakar."

Ba-gyara ya ce wane irin awo, jirgin da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane da kujerunsu ne zai gaza da akwati ɗaya. Ya dubi Injiniya don ta ƙaryata Direba, sai ta sunkuyar da kai. Aka mayar da akwatin baro, rabin gidan suka bi shi zuwa wajen mai sayen tsofaffin ƙarafa a ƙarshen titi, don shi ke da babban sikeli. Mutum biyu suka rataya shi. Allurar ta zabura ta wuce ashirin da uku ko waiwaye ba ta yi ba, sai da ta kai talatin da ɗaya ta tsaya tana rawa. Ko ɗankwali ba a sa a ciki ba.

Wani ne ya fara fashewa da dariya, sai kowa ya kama, har da masu riƙe ciki. Mai tsofaffin ƙarafa, wanda bai san dawan garin ba, ya ce in sayarwa za a yi shi zai saya a kan kilo, ƙarfen mai kyau ne. Ba-gyara ma ya yi dariyar, don babu yadda zai yi. Ya sauke akwatinsa ya ɗora a baro, ya ce bari ya je ya duba abin da za a yi. Bai lulluɓe shi ba a komawa, kuma bai tsaya gaisawa da kowa a hanya ba.

Kwana ya yi yana lissafin inda zai rage. In ya cire ƙafafun, ya fige ninkin murfin, ya yanke kusurwoyin, zai sauko, amma ba zai sauko inda ake so ba, kuma abin da zai rage ba akwatinsa ba ne. Shekara talatin yana koyon ƙarawa, bai taɓa koyon ragewa ba. Abin da ya fi ci masa rai ba dariyar ba ce. Yaya Babba ta yi gaskiya ke nan da ta tsallake shi, yarinyar za ta tafi da kuɗin kowa a jikinta, shi ko ƙusa tasa ba za ta hau jirgin ba.

Da safe yana zaune kan akwatin, bai ko kunna inji ba, Injiniya ta shigo da kofin shayi biyu. Ta zauna a ɗaya gefen, akwatin ya ɗauke su ba ko ƙara. Ya fara ba ta haƙuri, yana cewa tsufa ne da rashin fita, ta katse shi ta ce wata ƙawarta ta ba ta aron jaka mara nauyi, wannan ya wuce. Ta juya kofin a hannunta.

"Kawu, ni ba jaka ce ke hana ni barci ba. Wata na huɗu nake tsoro."

Ya tambaye ta me zai faru a wata na huɗu.

Ta ce abin da za ta tafi da shi zai kai ta wata uku in ta matse. Daga nan sai abin da aka tara aka aika mata. Ta san za a tara, ba ta shakkar kowa. Amma ta ga yadda aka yi da kuɗin tikiti, kuma yanzu babu sauran firji ko keken ɗinki da za a sayar. In an sa a banki ma a wayar Yaya Babba zai zauna, kuɗin da ke cikin waya kuwa kuka ɗaya ya ishe shi fita. Can kuma mai gidan haya bai san Kawu Direba ba, bai san injinsa ya buga ba.

"Ba na so in je in dawo da rabin karatu," in ji ta. "Mama ta ba ni labarin tafiyarka."

Bai san ta sani ba. Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali. Ya dubi akwatin da suke kai, ya dubi murfin da reza ba ta farkewa, da ƙarfen da mutum ɗaya ba ya ɗagawa, da makullin da cokali ba ya buɗewa. Sai wata dabara ta faɗo masa, da murna irin ta ranar da ta zo da waya. Ya ce ta tashi. Ya jawo injin yanka ƙarfe, ya ja layi da alli a tsakiyar murfin, tsawon yatsa, ya sauke gilashinsa. Ita ma ta lalubo tsohon ɗan gilashinta a kan taga, inda yake rataye tun tana yarinya, ta kara a ido ɗaya don ya yi mata kaɗan. Tartsatsi ya tashi. Kafin ya gama yanka tsagar ta gane, ta fara tsalle tana dariya kamar ba ita ce mai shirin gina gadoji ba.

Da yamma aka sake cika falon Yaya Babba, wasu ma don su ƙarasa dariyar jiya suka zo. Ba-gyara ya shigo da akwatin ya ajiye shi a kusurwa kusa da talabijin. Wannan karon bai jira yatsa ba, ya tsaya a tsakiyar falon ya yi magana. Ya ce jirgi ya ƙi akwatinsa, to ya gode, dama a nan aikinsa yake. Daga yau asusun Injiniya ne. Duk mai alkawari ya zo ya zura nasa ta tsagar nan, abin da ya shiga kuwa ya shiga. Ƙarshen kowane zangon karatu shi zai zo da injinsa ya yanke gindin a gaban kowa, a kwashe a tafi a aika mata a ranar, ya mayar ya liƙe kafin a watse. Wani suruki ya tambaya ina amfanin wannan wahala alhali ga makulli. Ba-gyara ya zaro ɗan makullin daga aljihu, ya kulle akwatin, ya juya ya damƙa shi a tafin Injiniya.

"Makullin ƙasar waje zai tafi," in ji shi. "Mai son aro ya bi shi can."

Falon ya ɗauka da tafi da dariya. Yaya Babba ta dafe ƙirji ta ce wallahi an sauke mata dutse, ita dama riƙon nan ya ishe ta, ba ta da bakin hana ɗan'uwa. Aka yi layi ana zurawa, kowa na kasa kunne ya ji saukar nasa. Amma kafin kowa, Yaya Babba ta ɗaga yatsan nan nata ta tsayar da shi cak a kan Ba-gyara, ta ce mai akwati shi zai buɗe hanya. Kuɗin wata taga ne a aljihunsa, wanda matarsa ta riga ta yi wa lissafin cefane. Ya dubi matar tasa da ke zaune a gefe. Ta harare shi, sannan ta kau da kai tana dariya. Ya ninke ya zura duka.

Ba a yi kwana uku ba aka gwada akwatin. Tayar Direba ta fashe, ya zo ya zauna gaban Yaya Babba ya sunkuyar da kai yadda aka saba. Ta ce ita kam ta ba shi har zuciyarta, ga kuɗin can a kusurwa, ya ɗiba. Direba ya je ya tsuguna, ya leƙa tsagar da ido ɗaya, ya gwada zura tsinken tsintsiya, ya girgiza akwatin bai girgizu ba. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa yana cewa wannan yayan nasa mugu ne. Ya je ya karɓi tsohuwar taya bashi wajen mai faci, kuma motar ta tashi.

Ranar tafiya mota uku aka cika. Ba-gyara ya ga filin jirgi da idonsa, ya ga sikelin da ya kayar da shi, ɗan ƙarami ma abin haushi, an ɗora jakar aro ta wuce salin-alin. Injiniya ta rungume uwarta suka yi kukansu. Da ta zo kansa ta jawo wani zare daga wuyanta ta nuna masa ɗan makullin a rataye, ta ce ranar da ta dawo da takardar gamawa ita za ta buɗe akwatin da hannunta, kada ya kuskura ya canja makulli. Ya so ya ce wani abu mai ma'ana, abin da ya fito kawai shi ne ta riƙa shafa masa ɗan mai saboda tsatsa.

Ba su jira tashin jirgin ba, don Direba na ta ƙorafin kuɗin ajiye mota. Ba-gyara bai wuce gida ba, ya sauka a shago, ya cire kayan fita ya sa na aiki, ya durƙusa kan ƙofar nan da ya yi wa mai ita alkawari tun wata guda. Yana cikin walda, la'asar ta yi sanyi, ya ji rugugin jirgi daga nesa. Ya kashe inji ya ɗaga gilashi kamar yadda ya saba shekara talatin. Amma yau bai mayar da shi ba. Ya miƙe ya fito tsakiyar titi, hannu a goshi, yana bin jirgin da kallo har wani mai babur ya kauce masa yana masifa.

Mai shayi ya leƙo ya tambaye shi me yake kallo haka kamar bai taɓa ganin jirgi ba.

Ba-gyara bai sauke kai ba. "Aikina ne a ciki," in ji shi.